Shekarar da Teku Ta Iso Zaurenmu

An riga an canza kuɗi a Gana, fam ya tafi sidi ya zo, amma ba a kai ga korar baƙi ba tukuna. A tsakanin nan ne. In kuma lissafin gidanmu kuke so, to shekarar ce da yayata Hajara ta yi goyon fari, shekarar da haƙoran ƙanena Sale na gaba suka zube yana magana iska na fita. Ni a lokacin na isa aike, ban isa zance ba. Ban yi boko ba, ba na riƙe shekara da lamba, amma abin da ya shiga kunnena bai taɓa ɓata ba. Autata Binta ce ke rubuta wannan a flat ɗinta na Thamesmead, a nan ƙasar Turawa, in ta dawo daga aikin asibiti a Camberwell ta huta. Na ce mata ta sa shi yadda na faɗa, kada ta gyara mini Hausa, don a bakina ta koye ta.

Zangonmu yana gabas da Keta, kusa da iyakar Togo, a kan wani siririn tudun rairayi. Gabanka teku, bayanka tafkin da ake kwasar gishiri in ya ƙafe. In ka hau kan soro kana ganin ruwan biyu ba sai ka juya jiki ba. Ba ƙasar gero ba ce, ba ta dawa ba. Rairayi ne da itatuwan kwakwa, sai 'yan lambunan albasa da mutanen Anlo ke shayarwa da tulu. Su ne 'yan ƙasa. Mazansu ke shiga teku da kwalekwale, matansu ke yin banda. Namu kakannin fatauci ya kawo su daga ƙasar Kano, su sayi gishiri da bandar kifi su yi arewa, su dawo da kanwa da tufafi.

Kuma teku a can ba irin wadda ake nunawa a talabijin ba ce, mutane kwance a gefenta suna shan iska. Da tsayi take zuwa, ta naɗe kanta, ta faɗo a kan rairayi da ƙarar da a ƙirji ake jin ta. Wanda aka haifa a zango bai san shiru ba. Ni sai da aka kai ni aure Kumasi na yi ta juyi a kan gado, na rasa abin da ke damuna. Ashe ƙarar ce babu.

Masuntan da ke zaune a bakin ruwa ba sa gina abin da ya fi ƙarfin kai. Sanduna ne, da ganyen kwakwa saƙaƙƙe, da jinka. In sun ga ruwa ya matso sai su kira dangi, a kwance ɗaki da safe, a ɗauke shi a ka, kafin la'asar an kafa shi can baya har mace ta ɗora tukunya. Mu kuwa dariya muke yi musu. A wurinmu, mutumin da gidansa ke yawo a kan mutane bai zauna ba tukuna.

Kakana Malam Garba magini ne tun daga gida. Da ya ga ya samu wurin zama, sai ya ce shi ginin mutane zai yi. Babu ƙasar gini a rairayi, don haka daga ƙetaren tafki aka riƙa ɗauko jar ƙasa a kwalekwale ana yin tubali, azara kuwa daga nesa aka nemo ta. Ya ta da zaure, ya ta da soron matarsa, ya ja katanga. Har zanko ya yi wa zauren, masunta suna zuwa kallo. Manya sun ce lokacin da ya gama, tsakanin ƙofar zaure da ruwa akwai layin ɗakunan masunta, da filin shanya taru, da gonar kwakwa guda. Ni ban tarar da Malam Garba ba. Gidan na tarar, da matarsa, Kaka Tabawa.

Doguwa ce siririya, bakinta ja da goro, tafiyarta kamar tana ɗauke da tulu ko da ba komai a kanta. Ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, sai dai ta ce "mai ginin nan". Babana kuwa ɗan farinta ne, shi ma ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. Mu jikoki ne muka samu bakinta gaba ɗaya. Sale shi ne maigidanta, ni ce ƙawarta.

Sana'arta banda. Da rana takan sayi kifi a hannun matan masunta, bayan magariba ta hura wuta da ɓawon kwakwa a murhun da ke tsakar gida, ta jera kifin a kan waya. Aikin zama ne, ba ya son gaggawa, ba ya son a bar shi. Mu kuma yara sai mu kewaye murhun, hayaƙi na sa mu hawaye, muna jiran kifin da zai fashe don shi ne rabonmu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta ƙwanƙwasa murhu da itacen juya kifi ta ce, "Wa ya zo da kunne?"

Mu ce, "Ga su nan, Kaka."

"To, a bar baki a waje."

Ba mu taɓa bari ba, musamman ni. Tun ina ƙarama ba na iya haɗiye tambaya.

Gonar kwakwar nan tun ina goye teku ta fara cin ta. Na dai tuna kututture a kwance, saiwoyi a sama kamar gashin da ba a tsefe ba. A daminar shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya ɗauke filin shanya taru. Sai masunta suka fara kwance ɗakuna. Wata safiya Dada Abla ta shigo mana. Ita ce ke sayar wa Kaka kifi tun suna da ƙuruciya, kuma duk tsawon zaman nan ban taɓa jin sun rabu ba tare da sun tsokani juna ba.

Ta ce, "Tabawa, gobe muke ɗauke ɗaki. Ke fa?"

"Allah ya kai ku lafiya. In kun gaji da yawo da gida a ka, ku dawo, ina nan."

"Katangar nan taki ta iya iyo ne?"

"Ta girmi 'ya'yanki duka."

"Ruwan nan ya girmi kakanki."

Kaka ta ɓare goro ta ba ta rabi, suka ci, Dada Abla ta tafi. Washegari ƙofar zaurenmu ta wayi gari tana kallon teku, ba kowa a tsakaninsu.

Sai Baba da mazan zango suka yi abin da suka sani. A ƙasar Hausa, in damina ta fara cin gindin bango, yaɓe ake ƙarawa, a gina dakali a tare shi, a haƙa wa ruwa hanya ya wuce. Haka suka yi. Aka sake ɗauko jar ƙasa daga ƙetare, aka kwaɓa, aka ja dakali mai kauri a gaban zaure, aka haƙa magudana ta gefe. Masunta suna zaune a kan kwalekwalensu suna gyaran taru suna kallo. Wani tsoho a cikinsu ya tambayi Baba, cikin ladabi, wai hanyar nan da aka haƙa wa ruwan, ina ake so ya tafi. Baba ya ci gaba da haƙa. Kafin dakalin ya gama bushewa teku ta shanye shi kamar yadda koko ke shanye sukari.

Iyayenmu ba wawaye ba ne. Inda suka fito, ruwa baƙo ne, ya zo ya wuce, ƙasa ta zauna. An sha gaya musu cewa a nan ruwa ne mai gida, ƙasa ce ke wucewa, amma kunnensu bai da wurin ajiye maganar.

Da dakali ya tafi, Baba ya haƙura. Ya samu fili a wani tudu ta wajen tafki, sauran gidajen zango ma duk suka fara kwashe kaya. Aka kai mahaifiyata da Hajara da jaririnta gidan wani ɗan'uwa. Kaka ta ce ita ba inda za ta. A soron nan aka kawo ta, a nan ta haihu, kowane tubali ta san hannun da ya murza shi. Kuma abin da ya fi ci mata rai, ba za a ce matar Malam Garba ta bi sahun masu gidan ganye tana gudun ruwa ba.

Ku gane, jinka in ta faɗo wa mutum, ture ta yake yi ya fito yana kakkaɓe kai. Soro ba haka ba ne. Rufin ƙasa ne a kan azara, in ya sauka a kan mutum an gama. Baba ya san haka, ita ma ta sani. Ba zai iya ɗaukar uwarsa da ƙarfi ba, ba zai iya barin ta ba. Sai ya shimfiɗa tabarmarsa a zaure, ɗakin da ya fi kusa da ruwa, ya ce muddin tana cikin soro shi a nan zai kwana. Ni da Sale a can wurin mahaifiyarmu muke kwana, amma da yamma a gidan muke, don ba mai hana mu murhun Kaka.

Baba ya aiko mata liman. Ta sa aka shimfiɗa masa buzu, ta ba shi goro, ta saurari wa'azi har ƙarshe, ta ce Allah ya saka da alheri. Liman ya fita da goronsa. Daga nan sai ni na zama hanyar maganarsu, alhali suna tsakar gida ɗaya, kowa na jin kowa.

Baba ya dube ni ya ce, "Asabe, ki ce wa ƙawarki tsagar da ke bangon zaure yanzu hannu yana shiga."

Na juya na ce, "Kaka, wai Baba ya ce..."

"Ki ce wa wancan ya cire hannunsa."

A cikin kwanakin nan ne, wata yamma muna gaban murhu, ruwa na dukan gindin zaure har ƙasa na motsi a ƙarƙashinmu, na yi tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, "Kaka, wai me teku ke nema a wurinmu? Ga wurinta nan har ba a ganin ƙarshensa. Me za ta yi da ɗan gidanmu?"

Ta gama juya kifi. Sannan ta ƙwanƙwasa murhu.

Wai a can farko, Teku mace ce mai 'ya ɗaya tilo, fara sol, mai ƙyalli, ana ce mata Gishiri. A lokacin Teku ba ta motsi. A kwance take lumui kamar ruwan randa, 'yarta na wasa a gefenta. Mutanen tudu kuwa ba su san daɗin miya ba, ci kawai suke yi don kada su mutu. Ran nan sai ga wani bafatake daga arewa da jakunansa. Ya ga yarinyar, ya durƙusa ya gai da uwar, ya nemi aurenta. Teku ta ce ta ba shi, amma da sharaɗi: in shekara ta zagayo ya kawo ta ganin gida. Ya ce ai wannan ba sai an roƙa ba. Ya ɗora amarya a kan jaki ya yi arewa.

Da suka isa, aka fara zagayawa da amarya gaishe-gaishe. Gidan farko da ta shiga ta tarar ana miya, sai ta ɗan tsoma yatsa. Masu gidan suka ɗanɗana, suka dubi juna. Kafin yamma labari ya gama gari. Kowa ya ce amarya ta zo ta taɓa masa miya. Ita kuwa yarinya ce mai kunya, ba ta iya cewa a'a. Ta taɓa nan, ta taɓa can, kullum tana raguwa, har ran da miji ya ɗaga labule ya tarar da zane kawai a kan gado.

Sale ya ce, "Ta mutu ke nan?"

"Ina fa, maigidana. Tana cikin mutane. Lasa hannunka."

Ya lasa. Mu duka muka lasa.

"Kun ji ta?"

Muka ce mun ji.

"To, uwarta ma tana jin ta."

Shekara ta zagayo, Teku ta yi shara, ta yi girki, ta zauna tana duban hanya. Shiru. Sai ta tashi ta ɗan taka zuwa bakin rairayi ta leƙa, ta koma. Ta sake zuwa, ta koma. Shi ne zuwa da komawar nan da take yi har yau. Da shekaru suka yi yawa sai ta ce bari ta bi sawu da kanta. Ba ta sauri, don tsohuwa ce. Amma duk inda ta ji ƙanshin 'yarta sai ta matsa.

Na ce, "Fushi take yi?"

"Kin taɓa ganin uwa na neman ɗanta a kasuwa? Tana ture tiren mutane, ba don ta tsane su ba. Ba ta ma gan su ba."

"To, da ta isa gidan bafataken, me ya faru?"

Kaka ta ce kifi zai ƙone, mu tashi a raka mu.

Ta yi mana haka ba sau ɗaya ba. Kullum sai mu roƙa, kullum sai ta faro daga farko, ta ƙara wani abu, ta rage wani. Ran nan jakunan bafataken sun yi magana, ran nan Teku ta aiki kaguwa ta dawo da ƙarya. Amma da ta kawo Teku ƙofar gidan mijin sai ta tsaya. Ni kuwa abin ya hana ni sakat. Na riƙa zuwa bakin ruwa da rana ina kallon yadda yake miƙo hannu ya janye, ina cewa a raina, ashe leƙe take yi. Na duba gindin bangon zaurenmu inda wani farin gari ke fitowa yana ɓarɓashewa, na lasa, na ji gishiri. Ga shi kuma a zauren nan ne aka yi shekaru ana jibge buhunan gishirin fatauci. Na koma da gudu na ce wa Sale, lalle mu ne gidan bafataken.

Zauren ya faɗi da rana tsaka, bayan azahar, Baba na masallaci. Ina tsakar gida ina tsince wa Kaka kifi. Ba ƙara mai yawa ya yi ba. Bangon gaba ne ya durƙusa a hankali kamar raƙumi, rufin ya bi shi, zanko ya gangara cikin kumfa. Da ƙura ta lafa sai ga teku, a fili, daga inda muke zaune. Tsakar gidan da namiji baƙo bai taɓa gani ba, ga ta a buɗe. Tabarmar Baba kuwa ruwa ya ja ta, muna kallo tana lilo tana nisa.

Kaka ta bi tabarmar nan da ido har ta ɓace. Ta ci gaba da fasa cikin kifi.

Baba ya dawo ya tsaya a kan ɓaraguzan. Ya je ya aro wata tabarmar, ya shimfiɗa ta a ƙofar soron Kaka, don yanzu nan ne bakin ruwa.

Bayan magariba ta hura wuta kamar kullum. Babban mutum ba ya zaman tatsuniya, amma ran nan Baba bai da zauren da zai koma, sai ya zauna can gefe ya ba mu baya yana jan carbi. Kaka ta ƙwanƙwasa murhu. Wannan karon ba ta faro daga farko ba.

Ta ce, "Teku ta iso ƙofar gidan bafatake. Samarin gidan suka ce a ɗauko sanduna. Magidanta suka ce a ja katanga. Sai wata tsohuwa a gidan ta ce, ku kam ba a yi muku tarbiyya ba? Wace ce wannan a ƙofa? Ba uwar matarku ba ce? Wa ya taɓa tare wa suruka hanya? Wa ya taɓa tsayawa ya zuba mata ido? In suruka ta shigo ta gaba, ɗan mutunci ta baya yake fita, takalmi a hannu. Wanda ya gan shi ba zai ce tsoro ya ji ba. Cewa zai yi gidansu an san kunya."

Sale ya ce, "Sai suka bar mata gidan?"

"Suka share shi tukuna. Ba a barin wa suruka datti."

"Ta samu 'yar tata?"

"Ta shiga kowane ɗaki ta duba. Tana nan tana dubawa. Mai kunne ya ɗauki kunnensa, na gama."

Ruwa na duka, ɓawon kwakwa na fashewa a wuta. Can sai ta ce, idonta a kan kifi, "Ƙawata, ki ce wa wancan, azarar mai ginin nan ba rabon ruwa ba ce. A cire ta tun da sauran rana gobe."

Ban ma buɗe baki ba Baba ya ce, "Ki ce mata an ji."

Daren nan a ɗakin girki na bayan gida ta kwana, mai rufin jinka, wai soro ya yi mata zafi.

Da gari ya waye, masuntan nan da muke yi wa dariya su ne suka zo. Ba wanda ya kai su sanin yadda ake kwance gida. Suka hau, suka sare ƙasar rufi, suka zare azara ɗaya bayan ɗaya ba wadda ta karye. Aka cire ƙyaure, aka fitar da gadon Kaka da tukwanenta da wayar banda. Baba ya sa aka fasa katangar baya aka yi ƙofa. Da ɗakin ya zama fanko, ba rufi, rana na faɗowa ciki, sai Kaka ta karɓi tsintsiya ta shiga. Ta share shi lungu-lungu, ta kwashe sharar ta fitar.

Dada Abla na tsaye da ƙullin kayanmu a kai. Ta ce, "Tabawa, wa kike yi wa shara?"

"Baƙuwa gare ni."

Kaka ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta na wajen teku, ta fita ta ƙofar baya. Ga azara a kan masunta a gaba, ga mu a baya.

Dada Abla ta ce, "Yau dai na ga Bahaushiya da gida a ka."

"Ku ne ke gudu, Abla. Ni hanya na bayar."

"To, mai ba da hanya, ɗaga ƙafa, rairayin da zafi."

Damina ba ta ƙare ba sai da bangon soron ya bi zaure. Kaka ba ta je kallo ba, ba ta kuma tambaya ba. A sabon wuri aka kafa mata ɗakin ganyen kwakwa, azarar mijinta ce ginshiƙansa. Ta ce na wucin gadi ne kafin a samu jar ƙasa. A cikinsa ta yi sauran shekarunta, a cikinsa ta cika, a kan gadonta, Baba na zaune a bakin ƙofa.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan tsohuwa ce, daga Kano aka zo da ita a kan jaki kamar sauran. Da na girma na ba da ita a zangon Kumasi, tsofaffi suka ce ba su taɓa jin ta ba. Da Allah ya kai ni Kano na tambayi dangin Kaka, suka ce su ina suka ga teku balle su san tana da 'ya. A nan na gane a gaban murhun nan aka saƙa ta, muna zaune. Kwanakin da ta yi tana kawo Teku ƙofa tana tsayawa, ba ja mana rai take yi ba. Ita ma ba ta san ta inda za ta fita ba. Liman ya kawo mata tsoron Allah, ɗanta ya kawo mata tsagar bango, ƙawarta ta kawo mata gori, duk ba wanda ya kawo mata hanyar da mace irinta za ta bi ta fita da kanta a sama. Sai da ta yi wa kanta. Abin da har yau nake juyawa shi ne, ran da ta ga tabarmar ɗanta a kan ruwa ne ƙarshen ya zo mata, ko kuwa tuni yana hannunta, tana jiran baƙuwar ta yi sallama tukuna? Na so a ce na tambaye ta. Na san dai abin da za ta ce: kifi zai ƙone.

A nan Thamesmead, bayan gidajenmu akwai kogi, an ja masa doguwar katangar kankare, da hanya a samanta. Likita ya ce in riƙa taka ƙafa saboda gwiwa, don haka jikana Imran kan raka ni can. Farkon zuwana na ga abin da ya tsayar da ni. Da safe ruwa ya janye, taɓo a fili, tsuntsaye na kiwo. Da muka dawo da yamma ya cika taf, kuma gangarowa yake yi ta inda bai kamata kogi ya fito ba. Na ce wa Imran, wannan kogin naku baya yake tafiya? Ya ce, "It's the tide, Kaka," ya ci gaba da danna waya. Binta ce ta yi mini bayani. Ta ce, "Teku ce ke shigowa, Mama, kullum sai ta zo ta koma. Unguwar nan ma a ƙasa take, katangar ce ke riƙe da ruwan. Amma kada ki damu, ana yin checking ɗinta."

Ban damu ba. Na dai tsaya na dubi katangar da kyau, na ce ashe Turawa ma dangin Malam Garba ne. Ginin ya yi kyau, Allah ya sa ya daɗe. Sai dai ni in na hau can na tarar ruwa ya cika, nakan gaishe da Teku a hankali, in kau da ido. Imran ya ɗauka addu'a nake yi.

Cikin waɗanda suka bi azarar nan a rairayi ran nan, Baba ya tafi, Hajara ta tafi, Dada Abla ta riga su duka. Saura Sale a Ashaiman, haƙoran sun sake zubewa, wannan karon ba masu dawowa ba ne. Saura Esi, 'yar Dada Abla, wadda ta ɗauki wayar bandar Kaka a kanta. Tana nan a bakin ruwa tana sana'ar uwarta, ta ce ta daina ƙirga sau nawa aka ɗauke mata ɗaki. Sai ni. Da muka yi waya da Esi da ƙaramar salla na tambaye ta ko ana gane inda gidanmu yake. Ta ce sosai ma, 'ya'yanta a nan suke jefa taru, kuma kifin wurin akwai ƙiba.